Mai zuwa Ayutthaya daga Bankok, hau jirgin ƙasa

Idan harka ta kai ka Bankok kana son ganin kufan Ayutthaya, tsohon babban birnin ƙasar Thailand, kada ka ɗauki shatar mota. Hau jirgin ƙasa da sassafe, tafiyar kamar kilomita 70 ce, kuma kuɗin kujerar talaka bai taka kara ya karya ba.

In ka sauka, ƙaramin jirgin ruwa zai tsallakar da kai kogin Pa Sak. Can ka yi hayar keke. Tsohon birnin tsibiri ne, ƙasar a shimfiɗe take, tsofaffin wuraren ibadar addinin Buda, Wat Mahathat da Wat Ratchaburana, suna dab da juna.

Kafin sojojin Bama (Myanmar ta yau) su ƙone birnin a 1767, fatake daga Farisa, Sin, Japan da Fotugal duk sun zauna a nan. Har yau akwai Musulmi da masallatai, abincin halal ba ya wuya.

Dabarar yawo a keke ba ta aiki a watan Afrilu, zafin rana zai gajiyar da kai kafin azahar. Haka a Satumba da Oktoba, lokacin ambaliya. In da tsofaffi ko yara a tafiyar, ɗauki tuk-tuk, wato a-daidaita-sahu na can, amma ku gama ciniki kafin ku hau.

Saboda shiga wuraren ibadar, sa tufafin da suka rufe kafaɗa da gwiwa.