Yadda ake neman gurbin karatu kyauta a Saudiyya, da inda takardu ke kayar da mutane

Assalamu alaikum. Duk shekara da zarar an ji an buɗe neman gurbi, mu ɗaliban da muke nan Madina wayoyinmu ba sa hutawa, wannan ƙanin aboki ne, wancan ɗan maƙwabcinmu ne a gida, kowa tambayarsa ɗaya, malam dan Allah yaya ake yi. To gaskiyar magana ita ce yawancin waɗanda na ga sun rasa, ba rashin ƙoƙari ne ya hana su ba, akwai mahaddata a cikinsu, akwai masu sakamako mai kyau sosai, takardu ne kawai suka kayar da su tun kafin wani ya duba ƙoƙarin nasu. Shi ya sa zan fi daɗewa a kan takardun.

Farko dai ka san me kake nema. Abin da ake kira minha, wato gurbin da gwamnatin Saudiyya ke ɗaukar nauyi, ba ka biyan kuɗin makaranta, ana ba ka ɗaki a sakan, wato masaukin ɗalibai, ana ba ka mukafa'a, wato alawus, duk wata wadda take kusan riyal 850 ga masu karatun addini da harshe, masu kimiyya nasu ya ɗan fi haka, ga tikitin jirgi na zuwa gida da dawowa duk shekara, ga asibiti. Yanzu ta shafin Ma'aikatar Ilimi ake nema, wanda ake kira Study in Saudi, da Larabci Udrus fis Sa'udiyya, an ƙaddamar da shi a 2022, kuma neman gurbin minha ba a sayar da shi. Duk wanda ya ce maka yana da hanya a ciki, ka turo dubu kaza ya saka sunanka, wallahi kuɗinka zai ci. Na ga wanda mahaifinsa ya sayar da gona saboda irin wannan ejan ɗin, aka ba su wata takarda mai tambari da ba ta da asali ko kaɗan, har yau maganar tana yi min ciwo.

Sai ka duba shekarunka kafin ka wahalar da kanka. Digiri na farko da ma'ahad na koyon Larabci daga shekara 17 zuwa 25 ne, digiri na biyu kar ka wuce 30, na uku 35. A Jami'ar Musulunci ta Madina kuma sharaɗin da aka daɗe da sani shi ne kada takardar sakandarenka ta wuce shekara 5 da fitowa. Wannan ne ke cin almajirai da yawa, mutum ya gama sakandare ya zauna gaban malamai a zaure shekara bakwai yana karatu, ya ƙoshi da ilimi, amma takardarsa ta tsufa. Idan kai ne wannan kuma shekarunka ba su wuce ba, ka sake zama jarrabawa, NBAIS ko NECO ko WAEC, ka fito da sabuwa.

Kuma dan Allah a daina ɗauka Madina ce kaɗai jami'a a ƙasar nan. Na san dalili, an kafa ta tun 1961 kuma manyan malamanmu irin su marigayi Sheikh Ja'afar Mahmud Adam da Dakta Sani Umar Rijiyar Lemo a nan suka yi, ga Masallacin Annabi (SAW) kusa, kowa nan yake so, shi ya sa cunkoson ya fi yawa a nan. Amma akwai Ummul Ƙura a Makka, akwai Jami'ar Imam da Jami'ar Sarki Sa'ud a Riyad, akwai ta Sarki Abdul'aziz a Jidda, akwai Ƙasim, akwai Jami'ar Gimbiya Nura a Riyad ta mata zalla. Mai son injiniya ko kimiyya a matakin digiri na biyu ya duba jami'ar KFUPM a Zahran da jami'ar KAUST kusa da Jidda, su da Turanci suke koyarwa, KAUST ma nata tsarin neman daban ne. Ni dai ra'ayina, kar ka taɓa cike zaɓinka da Makka da Madina kaɗai, ka saka ko da ɗaya daga garuruwan da mutane ba sa rububi. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka kwaso ɗalibanmu daga Khartum, waɗanda da can Jami'ar Afirka za su nufa su ma yanzu nan suka juyo, to ka ga masu nema sun ƙaru.

To yanzu ga inda nake so ka nutsu, maganar suna. Ka ɗauko fasfo ɗinka, da takardar sakandare, da takardar haihuwa, da katin NIN, ka shimfiɗa su a tabarma ka karanta harafi bayan harafi. Mu Hausawa muna da wata matsala da ba mu ɗauke ta matsala ba a gida: a firamare an rubuta maka sunanka da na garinku, a sakandare wani malami ya gajarta Muhammad ya koma Muh'd, a fasfo an rubuta Mohammed, sunan kaka ya shigo a wata takardar ya fita a wata, wani ma inkiyarsa ce ta zama sunan mahaifi. A gida kowa ya san kai ne. Ma'aikacin da ke duba fayil ɗinka a nan bai san ka ba, yana da dubban fayil a gabansa, abin da ya gani shi ne mutum biyu ko uku a fayil ɗaya, sai ya ajiye ya ɗauki na gaba, kuma sau da yawa ba wanda zai rubuto ya ce maka ga dalili. Sai ka ji mutum yana cewa shekara uku ina nema ba rabo, alhali harafi biyu ne suka tsaya masa.

Haka ranar haihuwa. Fasfo ya ce 2003, takardar makaranta ta ce 2005 saboda an rage maka lokacin rajistar jarrabawa. Wannan ya fi na suna muni ma, don shekaru sharaɗi ne.

Gyaran shi ne ka ɗauki fasfo a matsayin uwa, komai ya bi shi, tunda da shi za a buga maka biza kuma sunan da ke cikinsa shi zai hau iƙamarka, wato katin izinin zama a Saudiyya, da shahadarka ta kammala karatu. Idan ba ka yi fasfo ba tukuna ka ci sa'a, ka fara gyara NIN ya dace da takardar sakandarenka sak, sannan ka je ofishin shige da fice, don su daga NIN suke ɗauka. Idan ka riga ka yi kuma akwai saɓani, ka je kotu ka yi takardar rantsuwa cewa duk sunayen nan mutum ɗaya ne, ka buga sanarwa a jarida, ka haɗa da fayil ɗin. Amma ni ban yarda a dogara da takardar rantsuwa ba idan saɓanin babba ne, gara ka ci wahalar gyara takardar kanta ko da zai ja ka rasa wannan shekarar. Kuma fasfon ya kasance da sauran rai mai tsawo, ba wanda saura wata huɗu ya mutu ba.

Bayan suna ya daidaita sai fassara. Takardun da ba da Larabci suke ba ana so a fassara su a wurin da aka amince da shi, mai hatimi, 'yan uwanmu na Nijar masu bak, wato takardar gama sakandare, da Faransanci su abin ya fi zama musu dole. A nan ma sunan ke sake karyewa, don mai fassara zai rubuta sunanka da harafin Larabci yadda kunnensa ya ji. Sani ya koma da harafin sinun a wata takarda, a wata da sa'un mai ɗigo uku, Garba da Buba da Habu kuwa kowa yadda ya ga dama yake rubuta su. Ka zauna da malaminka ku tsayar da rubutu ɗaya na sunanka da Larabci, ka rubuta a takarda ka miƙa wa mai fassara, ka ce haka nake so a ko'ina, kuma kar ka bar wurin sai ka karanta abin da ya buga. Na sha ganin sabon ɗalibi a layin ofishin ƙabul, wato na karɓar ɗalibai, riƙe da fayil ɗin roba, gumi na zuba, ana nuna masa da biro cewa sunan babansa a fassara ba shi ne a fasfo ba, shi kuma ko Larabcin da zai kare kansa bai da shi tukuna.

Sai tantancewa, wato a buga wa takardunka hatimi a Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, daga nan ɓangaren Saudiyya. Akwai kuɗin mota da na kwana da na hatimin kansa, idan kuna da yawa a gari ɗaya ku haɗa kuɗi ku tafi tare ko ku wakilta mutum ɗaya amintacce, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ka haɗa da takardar asibiti da ke nuna ba ka da cuta mai yaɗuwa, da takardar 'yan sanda ta rashin laifi, da hoto mai farin baya.

Tazkiyya kuma, wato takardar shaida daga malami ko wata cibiya, guda biyu sun isa. Mutane na yawo gari gari suna neman sa hannun shehin da ya yi suna, wanda bai taɓa ganinsu ba, a ba su layi biyu da aka riga aka buga wa mutum ɗari. Ni a wurina ta malamin da ya karantar da kai da gaske, ya faɗi littattafan da ka sauke a gabansa da izu nawa ka haddace, a kan takarda mai kan makaranta da hatimi da lambar waya, ta fi wancan daraja.

Wajen cikewa a shafin, abu biyu nake roƙonka. Kar ka ɗauki hoton takarda da waya a kan gado inuwar hannunka ta rufe rabi, ka je a yi maka sikanin mai kala, kowace takarda fayil ɗinta daban. Na biyu, imel ɗin ya zama naka, kai ka buɗe shi, kai ka riƙe kalmar sirrin, lambar wayar ma taka. Masu zuwa kafe su bar yaron kafe ya saka imel ɗinsa, ranar da saƙon karɓa ko na ganawa ya zo yana can cikin akwatin wani, wa'adi ya wuce ba su sani ba. Ka riƙa leƙa shafin da imel ɗin ko da sau biyu a mako, har da wurin da saƙonnin banza ke faɗawa. Jira yana da tsawo, watanni ne, don haka kar ka ajiye karatun da kake yi a gida ko ka ƙi yin JAMB saboda ka cike Saudiyya.

'Yan uwa mata, ku karanta sharaɗin muharrami na jami'ar da kuka zaɓa tun kafin ku cike, ya daɗe yana cikin sharuɗɗan minha, kada sai an karɓe ki a fara neman yadda za a yi.

Idan Allah Ya sa an karɓe ka, sauran ba wuya. Za a turo maka takardar karɓa da bayanin biza da tikiti, ka yi gwajin lafiya, ka tanadi katin rigakafin shawara don ana tambayarsa ga masu zuwa daga Najeriya. Ka taho da asalin takardunka duka a jakar hannu, ba a cikin kayan awo ba. Ka riƙo ɗan guziri, ko riyal ɗari biyar ne, saboda mukafa'a ba ta fara shiga sai an yi iƙama an buɗe asusun banki, kuma hakan na ɗaukar makonni, duk da cewa daga baya ana ba sabon zuwa kuɗin wata biyu na kintsawa. Ka sako rigar sanyi, mutane na jin Saudiyya sai su tuna zafi kawai, zafin kam akwai shi ya wuce 40, amma sanyin Madina da asuba a watan Janairu ba wasa ba ne. Yaji da kuka da daddawa ma ka ƙullo, shinkafa da kaza za su gundure ka.

Za a yi maka jarrabawar tantance Larabci. Idan aka tura ka ma'ahad kar ka ji kunya ko ka yi ta fafutukar tsallakewa, mataki huɗu ne a shekara biyu, kuma waɗanda suka yi shi sun fi jin daɗin kulliya, wato karatun digirin kansa, daga baya. Abin da zan ce kawai shi ne ka rage zaman ɗakin 'yan gida, idan daga aji sai hira da Hausa har dare, shekara za ta ƙare bakinka bai buɗe ba, ka nemi abokin ɗaki ɗan Indunusiya ko Mali wanda dole sai da Larabci za ku gaisa. Ka kiyaye fashin aji, idan ya haura kashi 25 cikin ɗari za a yi maka hirmani a hana ka jarrabawar darasin. Iƙamar ɗalibi ba ta aiki ba ce, kar wani ya ja ka harkar alhazai ta bayan fage lokacin Hajji, kuma Hajjin kansa sai da tasrihi, wato takardar izini. Kafin ka tafi hutu ka tabbatar bizar fita da dawowa ta fito kuma ka duba ranar ƙarewarta a Absher, manhajar gwamnatin Saudiyya. In ka gama, ka buga wa shahadarka hatimi a nan kafin ka tattara, don za a nema a gida wajen tantance ta da shiga NYSC.