Yadda ake tantance ramin tagulla kafin ka zuba jarinka

Kusan duk wata sai wani ya shigo Agege da koren dutse a leda, ya ce daga Nasarawa ya ɗauko shi, abokin haɗa jari kawai yake nema. 'Yan uwanmu masu sana'ar gwangwan sun san tagulla a waya, ba su san ta a dutse ba, shi ya sa suke ƙonewa.

Fara da wuƙa. Dutse mai ruwan ɗorawa da ƙyalli, in wuƙa ta karce shi cikin sauƙi, mai yiwuwa calkofairait ne, wanda kusan kashi ɗaya cikin uku nasa tagulla ce. In ya gagari wuƙa, fairait ne, ba dutsen tagulla ba ne, rabu da shi. Koren kuma galibi malakait ne, shi ma dutsen tagulla ne, yakan fito a sama-sama inda ruwa da iska suka ci dutsen. Ɗan kaɗan ya isa ya rina dutse gaba ɗaya, don haka launi ba ya gaya maka yawa.

Sai ka tafi wurin da ƙafarka. Kuɗin mota daga Legas bai kai rabin asarar da na yi ba. Ni a nan na faɗi: na kai gwaji dutsen da mai rami ya zaɓo da hannunsa, sakamako ya yi kyau, na biya. Ashe jijiyar, wato layin ma'adinin da ya ratsa cikin dutse, ba ta wuce faɗin tafin hannu ba.

Kada ka yarda wani ya zaɓar maka. Ɗauki guduma da kurfi, ka sassaƙo dutsen a gicciye, daga wannan gefen jijiyar zuwa wancan, mai kyau da marar kyau duka. Matsa gaba taku ashirin ka maimaita, aƙalla wuri biyar. Kowane samfuri da jakarsa da lambarsa, kuma ya kwana a ɗakinka. Ni ba na amincewa da sakamakon ɗakin gwaji ɗaya, raba kowane samfuri biyu nake yi.

Tambayi dattawan garin ko an taɓa haƙa a wurin da dalilin dainawa. Hukumar binciken ƙasa, wadda asalinta ya koma 1919, tana da tsoffin taswirori.

Takarda kuwa, a dokar ma'adinai ta 2007 ma'adinai na hannun gwamnatin tarayya ne, yardar mai gona ba lasisi ba ce. Duba lambar lasisin a ofishin Kadasta, mai ba da lasisin ma'adinai, da ke Abuja kafin sisinka ya fita.