Yadda Nake Renon Tsiron Tumatir a Gida

Yawan ban ruwa ne ya kashe mini tsirona na farko. Safe da yamma nake zuba musu, har wata rana na tarar gindinsu ya ruɓe, duk sun kwanta. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Tun daga nan sai na tsoma yatsa cikin ƙasar tukuna: in da danshi in ƙyale su, in ta bushe in yayyafa a hankali. Gindin tukunya kuma dole a huda shi, ruwa ya riƙa tsiyayewa.

Kada ka yi gaggawar taki. Ganye biyun nan na farko guzuri ne da iri ya zo da shi. Sai ganyen gaske 2 zuwa 4 sun fito nake fara ba su takin ruwa, kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka rubuta a jikin kwalba, sau ɗaya a mako. In bakin ganye ya soma ƙonewa, taki ya yi yawa, sai a koma ruwa zalla. Ɗanyen kashin kaji kam ban yarda da shi ba, ƙona saiwa yake yi.

Tsiron da ya zarce siriri yana karkata, haske yake nema, ka matsar da shi inda hantsi ke sauka.

Kafin dashe, nakan fitar da su waje na ɗan lokaci kowace rana, na kwana 7 zuwa 10, don su saba da rana da iska. Da yamma nake dasawa, in binne karan sosai, don tumatir yana fitar da sabuwar saiwa daga jikin kara.