Yadda Ake Haɗa Wa Yara Littafin Hotuna A Gida

Da yawa daga cikin littattafan hotunan da ke isowa hannun yaranmu a Garwa da Marwa na ƙasar Kamaru da Faransanci aka rubuta su, kuma sau da yawa itatuwan da ke ciki ba waɗanda yaro ya taɓa hutawa a inuwarsu ba ne. Uwa ko malami na iya haɗa nasa da Hausa, kuma kayan aikin ba su wuce takarda da kwali da fensir mai launi da allura da zare ba.

Da farko a zaɓi yaro ɗaya da damuwa ɗaya wadda ta yi daidai da shekarunsa. A ce yarinya ce ta dasa darbejiya, irin wadda ta yi wa titunan Marwa rumfa, sai akuya ta cinye ganyen tas a tsakiyar rani. Nan ne ainihin aikin yake, domin bai kamata a rubuta cewa yarinyar tana da ƙarfin zuciya ba. A zana ta durƙushe gaban sandar da ta saura tana share hawaye da gefen zane, a shafi na gaba kuma a nuna ta ta dawo da ruwa a tsohon gwangwanin tumatir. Yaro zai gane da kansa, kuma abin da ya gano da idonsa ya fi zama a ransa.

Sai a shigo da ƙawa, amma kada ta karɓe aikin. Nata shi ne ta kawo ƙaya su yi shinge tare.

A kiyaye gaskiyar daji da yanayi ƙwarai. Kuka ba ta da ganye da rani, dorina a kogin Binuwai take, raƙumin dawa kuwa ana samunsa a gandun Waza, wanda ya zama gandun daji na ƙasa a 1968. Yaro yana lura da irin wannan fiye da yadda manya ke zato.

Daga nan a ɗauki fallen takarda huɗu a ninke su biyu, su ba da shafi 16. Wajibi ne a sa wa shafukan lamba tun suna ninke, saboda idan aka ware su, shafi na 1 da na 16 a falle ɗaya suke zama. Kowane shafi ya ɗauki jimla ɗaya ko biyu da manyan haruffa, a kuma fito da lanƙwasar ɓ da ɗ da ƙ sosai, tunda yaran da ke karatun boko da Faransanci ba su saba ganinsu ba.

Kafin a ɗinke, a karanta wa yara biyu ko uku da babbar murya. Shafin da hankalinsu ya tafi wani wuri a rage maganarsa ko a sake zanensa. Bayan haka a yi bango da kwali, a huda rami uku a kan ninkin, a ɗinke da zare mai kauri, ko a kai wa tela ya bi shi da keke.