Ƙibar yaron da ya warke daga cutar daji: inda iyaye suka fi kuskurewa

Uwar da ta shekara biyu tana zaryar asibiti da ɗa mai sankarar jini, ta ga lokacin da ake iya ƙirga haƙarƙarinsa, ba a ganin laifinta idan ta yi hamdala ranar da kumatunsa suka ciko. Dangi ma su zo dubiya su ce, "Masha Allah, ya murmure, jiki ya yi kyau." Daga nan ake fara kuskure, domin ƙiba ba ita ce shaidar waraka ba.

Sau da yawa magani ne ya kawo ta. Jinyar sankarar jinin da ta fi kama yara takan ɗauki shekara 2 zuwa 3, kuma a cikin magungunan akwai firedinisolon ko deksametason. Deksametason ɗin nan shi ne wanda wasu ke saya a kyamis don neman ƙiba, ka ga kuwa ba ƙaramin buɗe ciki yake yi ba. Na ga ɗan shekara biyar da ke tashin uwarsa ƙarfe biyun dare yana kukan a dafa masa taliya, ya cinye ya suɗe kwano, kafin asuba ya sake nema. Fuska ta cika fam, tumbi ya fito, ƙafafu kuwa sirara. Idan an gama maganin fuskar takan saɓe, amma kitsen da sabon yawan ci sukan zauna. Asibitin St. Jude da ke Memphis a Amurka ya daɗe yana bibiyar waɗanda suka warke har girmansu, an kuma ga hawan jini da ciwon sukari da ciwon zuciya suna riskarsu da wuri fiye da sa'o'insu. Don haka tun ana cikin jinya a riƙa auna nauyi da tsayi duk zuwa asibiti, a tambayi likita ko yaron ya fara wuce layin da ya dace da shekarunsa.

Akwai kuma iyayen da ke gane cewa ƙwayar firedinisolon ko deksametason ce ke kawo ƙibar, sai su dakatar da ita da kansu. Don Allah kar a yi haka. Sankarar na iya dawowa, kuma jikin da ya saba da ƙwayar na iya galabaita ƙwarai idan aka yanke ta lokaci guda.

Abin da ya fi wuyar gyara shi ne tausayi. "Ku bar shi ya ci, ai ya sha wuya." Kawu ya zo da lemon kwalba, Gwaggo ta zo da cincin da alewa, Kaka ta ɓoye masa fanke a ɗakinta. Kowa da zuciya ɗaya yake yi, amma idan aka tara, sukarin da yaron ke sha a wuni ya isa mutum uku. Ware masa nasa abincin shi kaɗai ba ya aiki, domin ba yaron da zai ci dafaffen wake yana kallon yayyensa suna shan lemo. Tukunyar gidan ce za ta sauya: a yawaita wake da zogale da ƙwai da kifi, a rage man miya, a rage sukarin koko da zobo, a ajiye gwanda ko goba ko kankana don lokacin da ya ce yunwa. Masu zuwa dubiya kuma a gaya musu cikin ladabi su kawo lemon zaƙi ko ƙwallo.

Na ce ƙwallo ne saboda iyaye da yawa kan hana yaron motsi, kar ya gaji, kar ya faɗi. Gaskiya ne maganin cutar daji mai suna binkiristin yakan raunana jijiyoyin ƙafa, har yaro ya riƙa tuntuɓe, amma zama wuri ɗaya ƙara lalata tsoka yake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar minti 60 na motsa jiki kullum ga 'yan shekara 5 zuwa 17. Ba sai an kai nan a makon farko ba. A fara da tafiya masallaci ko islamiyya a ƙasa, sannan keke, sannan wasa da sa'o'i. Wanda aka yi wa doksorubisin, jan maganin nan da ake sawa ta jijiya, a fara duba zuciyarsa kafin wasa mai tsanani.

Idan yaron ya girma kuma, tausayin yakan juye ya zama gori: acici, sarkin ci, ba ka ƙoshi. Wannan yana ƙona mini rai, domin wanda aka yi wa gashi (wato ƙona cutar da hasken na'ura) a kai ko tiyatar ƙari a ƙwaƙwalwa, mai yiwuwa an taɓa wurin da ke sanar da jiki cewa an ƙoshi, ko wurin da ke sarrafa sinadarin girma. Gashi a wuya kuma yakan rage aikin tayiroyid, wato sashen da ke wuya mai daidaita yadda jiki ke ƙona abinci. Yaron da ke ƙiba amma ba ya ƙara tsayi, ko mai yawan kasala da jin sanyi, gwajin jini yake bukata. Horo da yunwa ko shayin rage ƙiba ba su da gurbi a jikin da ke girma.

Siririn yaro ma ba a sake jiki da shi. Wanda aka yi wa gashi a ciki, kamar wasu masu ƙarin ƙoda, ko aka yi masa dashen ɓargo, yana iya tara kitse a ciki tare da ƙarancin tsoka alhali sikeli bai nuna komai ba. A sa zaren awo na tela a auna ƙugu daidai cibiya. In ya kai rabin tsayinsa, a sanar da likita.

Kafin a bar asibiti, a nemi takarda mai ɗauke da sunayen magungunan da aka yi masa, da yawansu, da inda aka yi gashi. A adana ta tare da takardar haihuwa, a ɗauki hotonta a waya. Likitan da zai duba shi yana ɗan shekara 25 da ita zai san gwajin da zai fara yi.