Kafin ka biya kuɗin difloma a makarantar koyon kwamfuta

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina jan waya da haɗa kwamfutoci a ofisoshin Kaduna, kuma yanzu ni ake ba aikin tantance yaran da ke neman aiki a wurinmu. Kwanakin baya wata yarinya ta zo da takardar difloma mai ado a gefe, ta wata shida. Na ce ta buɗe Excel ta tara min lambobi ashirin da ke jere. Sai ta ciro waya ta buɗe kalkuleta. Ban ga laifinta ba da ta ba ni labarin makarantar: kwamfuta huɗu, ɗalibai sun haura talatin, malam na rubutu a allo suna kwafewa a littafi, in wuta ta ɗauke a tashi. Mahaifinta kuwa ya biya har da kuɗin rigar yaye.

Don haka abu na farko, kada ka je neman "kwamfuta" haka kawai, domin ba sana'a ɗaya ba ce. Mai aikin ofis da Word da Excel daban, mai gyara daban, mai haɗa na'urori su yi magana da juna irina daban, haka mai rubuta manhaja, da mai nazarin alƙaluma, da mai tsaron intanet. Zaɓi ɗaya. Duk makarantar da ta ce za ta koya maka dukansu cikin wata uku, ka gaishe su ka kama gabanka. In gyara ne a ranka, gara ka zama yaron shago a wurin ƙwararre, a kasuwa irin Farm Centre ta Kano ko Computer Village ta Ikeja, inda kaya ke lalacewa a gabanka kullum.

Idan ka zaɓa, je makarantar ba tare da sanarwa ba, kuma lokacin da ake darasi. Nan ne ya kamata ka ɓata lokaci. Ƙirga kwamfutocin da ke kunne, ba waɗanda aka jera aka lulluɓe da leda ba, sannan ka ƙirga kawuna. In mutum biyu ke raba ɗaya, da sauƙi. In uku ne, ɗaya ne ke koyo, biyun 'yan kallo ne, kuma mai kunya shi ne kullum a baya. Tambayi janareta ko sola, ka kuma tambayi wa ke sayen mai, domin wasu sai ka shiga ake fara karɓar kuɗin mai duk mako. Tsaya a bakin ƙofa har a tashi, ka tare ɗalibi ɗaya ka ce masa: "Don Allah me ka yi da hannunka yau?" Amsarsa ta fi duk abin da ke jikin allon talla. Shi ma malamin, cikin ladabi, roƙe shi ya nuna maka aikin da ya taɓa yi wa wani aka biya shi. Mai yi ba ya jin haushin wannan tambaya, har daɗinta yake ji.

Sai batun takarda, inda aka fi yaudarar iyaye. Diflomar shagon unguwa ba ND ba ce, wato diflomar ƙasa da kwalejojin fasaha ke bayarwa. Hukumar NBTE, wadda hedikwatarta ke nan Kaduna, ita ke amincewa da kwasa-kwasan kwalejojin fasaha, NUC kuma na jami'o'i. In aikin gwamnati kake hange ko ƙarin karatu, tambayi wace hukuma ce ta san da wannan takarda, ka kuma bincika da kanka. A fanninmu akwai CCNA, takardar shaidar ƙwarewa a haɗa na'urori ta kamfanin Cisco. Makaranta tana iya shirya ka, amma jarrabawar ta Cisco ce, a cibiyar da aka amince da ita ko ta intanet ƙarƙashin sa ido ake rubutawa, kuɗinta kuma da dala ake lissafawa. Na sha ganin an rubuta CCNA ɓaro-ɓaro a takardar halartar darasi, yaro yana yawo da ita yana zaton ya gama.

Kafin ma ka zaro ko sisi, leƙa na kyauta. A 2023 ministan sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar da shirin 3MTT tare da hukumar NITDA, da burin horar da mutum miliyan 3 a fannin fasahar zamani, aka fara da rukunin mutum 30,000. Ta intanet ake cikewa, saboda haka kada wani ya karɓi kuɗinka da sunan sama maka gurbi. Manhajar Packet Tracer ta Cisco kyauta ce ga wanda ya yi rajista a makarantarsu ta intanet, kuma da ita za ka haɗa ofis guda a kan allo ba ka sayi ko igiya ɗaya ba. Masu son rubuta manhaja ga freeCodeCamp, ga kuma darasin CS50 na jami'ar Harvard. Sai dai a faɗi gaskiya: dukansu da Turanci suke. Ba sai ka iya zuba shi kamar Bature ba, amma dole ka iya karanta saƙon da na'ura ta fito da shi in ta ƙi aiki, ka kwafe shi ka nemo maganinsa. Rabin aikina ke nan har gobe.

Kuɗin da ka tsirar, sa shi a kwamfutar hannu ko da gwanjo ce. Nemi mai RAM 8, wato ƙwaƙwalwar aiki mai gigabayit 8, da SSD, wato ma'ajiya mai sauri, kuma kafin ka biya, cire caja ka zauna a shagon rabin awa ka ga yadda batirin ke sauka. Waya tana koya maka kallo, ba ta koya wa yatsunka komai. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, amma har yau ina ganin masu digiri suna farautar haruffa da yatsa ɗaya kamar kaza na tsintar tsaba. Minti ashirin kullum kana buga rubutu ba ka kallon madannai, wata biyu sun ishe ka.

'Yan jami'a da kwaleji, ga naku a gajarce: watannin SIWES, wato na koyon aiki a ma'aikata, ba hutu ba ne. Kada ku nemi inda za a sa muku hannu a littafi ku koma gida. Ni a lokacin na fara hawa silin ina jan waya, kuma wanda na riƙe wa tsani shi ya fara kira na aiki bayan na gama.

Ranar da za ka zo neman aiki, zo da abin da za a gani. Jadawalin cinikin shagon yayanka da ka tsara yana lissafa riba da kansa, ko shafin da ka gina wa Islamiyyar unguwarku, ko hoton wayoyin da ka jera ka lakafta wa kowace suna. Yarinyar nan na ba ta aron tsohuwar kwamfuta, na ce ta je ta shigar da littafin bashin shagon mahaifiyarta. Bayan mako uku ta dawo da shi, har ta sa sunan duk wanda bashinsa ya wuce wata ɗaya yana komawa ja da kansa. Ta ce min, "Yallaɓai, ashe rabin unguwarmu ja ne." Ranar Litinin ta fara zuwa ofis.