Yadda za ku sa takardar binciken tiyata ta yi aiki a asibitinku ko da babu kayan zamani

Wannan rubutun na ƙannena ne nas-nas da aka tura ɗakin tiyata, musamman ku da ke asibitocin ƙananan hukumomi inda likita ɗaya ne ke yin komai, wuta sai an tada janareta, silindar oksijin kuma ana lallaɓa ta. Na san da yawanku kuna da takardar nan ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wato jerin tambayoyin da ake bi kafin tiyata da bayanta don kare mara lafiya, manne a bango, ko kuma ana soka ta cikin folda a cike ta bayan an gama ɗinki kowa na wanke hannu. Toh gaskiya in haka ake yi ba ta da wani amfani, domin ba don a cike aka yi ta ba, don a faɗa da baki ne kowa ya ji kafin a taɓa mutum.

A 2008 aka fito da ita, tambayoyi 19 ne kacal. An gwada ta a asibitoci takwas, ciki har da na Ifakara a Tanzaniya da wasu a Delhi da Manila da Amman da Landan, kuma sakamakon da ya fito a 2009 ya nuna mace-mace bayan aiki sun sauko daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin ɗari, matsalolin bayan aiki kuma daga kashi 11 zuwa 7. Ba wata sabuwar na'ura aka saya ba fa, mutanen da ke ɗakin ne kawai suka fara magana da juna a lokacin da ya dace. Shi ya sa nake ganin mu da ba mu da kuɗi mun fi kowa buƙatarta.

Abu na farko, a zaɓi mutum ɗaya mai karantawa, kuma wanda ya fi dacewa shi ne nas mai zagayawa, wadda ba ta sa safar hannu ba, ita ce hannunta ke sake. Sau uku ake tsayawa. Na farko kafin a sa wa mara lafiya maganin barci ko allurar baya, lokacin yana iya magana, sai a tambaye shi da bakinsa. Kar ki ce "Baba kai ne Malam wane ko?" don tsoho a tsorace ko me kika ce zai ce eh. Ki ce "Baba faɗa min sunanka, da aikin da aka ce za a yi maka, kuma wane ɓangare ne, nuna min da hannunka." A wajenmu wannan ba ƙaramin abu ba ne, a ɗaki ɗaya za ki iya samun masu suna iri ɗaya har uku, don haka a haɗa da lambar kati. In aikin gwaiwa ne ko ƙafa ko ido a sa alama da alƙalamin maka a wajen tun yana farke. A tambaya ko akwai maganin da jikinsa ba ya so, ko mai sa barci yana hangen wahalar numfashi, sannan ko ana tsammanin zubar jini fiye da mililita 500, in yaro ne mililita 7 a kowane kilo na nauyinsa. In amsar eh ce to a tabbatar an sa layin ƙarin ruwa mai kauri guda biyu kuma jini yana nan a hannu, ba wai ɗan uwa ya tafi nema a gari ba.

A nan ne kuma za a maƙala na'urar auna oksijin a yatsa a ji tana ƙara. Ku koyi sauraron ƙarar nan, duk lokacin da oksijin ke sauka muryarta ma sauka take, kunne zai riga ido sani. In ta yi ƙasa da 90 gaggawa ce a faɗa da ƙarfi. Ƙungiyar Lifebox tun 2011 take rarraba irin wannan na'urar mai batir a ƙasashe irin namu, in babu a ɗakinku ita ce abu na farko da za ku matsa wa shugabanni a kai, kuma a riƙa cajinta kamar yadda kowa ke kula da cajin wayarsa.

Tsayawa ta biyu ita ce mai wuya, bayan an shafe fata an rufa ƙyallaye likita ya miƙo hannu yana jiran wuƙa. A daidai nan ake son ƙaramar nas ta ce a dakata, kuma mun san yadda muke da kunya da girmama na gaba, yarinyar da ta gama makaranta bara ba za ta iya tsayar da babban likita ba in ba shi ya ba ta dama ba. Don haka kar ku fara da ɗakin tiyata, ku fara da ofis. Sista mai kula da ɗakin ta samu likitan su biyu ta ce ranka ya daɗe muna so mu fara abin nan kuma ba zai yiwu ba sai kai ka fara, minti ɗaya ne. In shi da kansa ya ce "toh sista karanta mana" sau biyu sau uku, shikenan hanya ta buɗe. Wata dabarar da ke aiki ita ce nas mai miƙa kaya kar ta ɗora wuƙar a hannunsa sai an gama, ba da faɗa ba, kawai ta ce Dakta saura tsayawa.

Kowa ya faɗi sunansa da aikinsa, har ɗalibi, domin wanda ya riga ya buɗe baki sau ɗaya ya fi saurin magana in ya ga wani abu. A sake faɗin sunan mara lafiya da aikin da wajen. A tambaya an ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin minti 60 da suka wuce? Wannan wajen muna kuskure sosai, sai a ƙi bayarwa kafin yanka sannan a ɗora mutum kan allurai na sati guda bayan aiki ana cinye kuɗin iyalinsa, alhali ƙa'idojin hukumar na 2016 sun ce kafin yanka ne yake da amfani, ci gaba da shi bayan aiki don rigakafi kawai ba a so. Haka aske gashi da reza, a daina, yana tsattsaga fata ne ƙwayoyin cuta su samu wajen zama, in dole ne a rage da kilifa.

Ita ma nas za a tambaye ta ko kaya sun gasu, kuma dan Allah kar ki ce eh don kawai tef ɗin waje ya canza launi. Tef yana nuna ƙunshin ya shiga zafi ne kawai, shi ya sa ake son a sa alama a can ciki ma. Ƙunshin da ya fito daga tukunyar gasa kaya da tururi a jiƙe ba shi da tsarki ko da ya yi awa nawa a ciki, a mayar. Zafi digiri 121 a ma'aunin Celsius na minti 30 ga kayan da aka naɗe, kuma lissafin yana farawa ne bayan zafin ya kai, in wuta ta ɗauke a tsakiya daga farko za a sake. A wanke kaya da buroshi tukuna a buɗe bakin almakashi da sauran masu maƙulli, don tururi ba ya ratsa busasshen jini, sannan kar a danƙara tukunyar har wuya.

Sai ƙirga, wanda shi ne aikinmu na kanmu ba na kowa ba. Mutum biyu, da murya, ana ware kowane ƙyallen goge jini ɗaya bayan ɗaya ido na gani, ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, mai zagayawa ta rubuta a allo inda kowa zai gani. Haka alluran ɗinki da kayan ƙarfe. A ƙirga kafin a fara, a ƙirga kafin a rufe mahaifa in aikin haihuwa ne, kafin a rufe ciki, da kuma lokacin ɗinkin fata, in an canji ma'aikaci a tsakiya a sake. Duk abin da aka ƙaro a rubuta nan take ba anjima ba. Kar a yanka ƙyalle biyu don tsimi, kar kuma a fita da bokitin shara ko a naɗe jariri da wani abu daga teburin har sai an gama. In lissafi bai cika ba ki faɗa a lokacin, "Dakta saura ɗaya", a tsaya a duba ciki, a duba ƙasa da bokiti da ƙarƙashin takalma, in ba a gani ba a ɗauki hoton X-ray in akwai hali kuma a rubuta a folda. Wallahi ɓacin ran minti biyar ba komai ba ne a kan matar da za ta dawo bayan wata biyu ciki na ruwa tana zazzaɓi an sayar da akuyarta za a sake buɗe ta.

Tsayawa ta uku kafin a fita da mara lafiya, a faɗi aikin da aka yi, ƙirga ya cika, in an ciri wani abu za a kai gwaji a karanta sunan da ke jikin kwalbar, a faɗi na'urar da ta ba da matsala don a gyara kafin na gaba, sannan me ake tsoro a kansa a daren nan.

Wannan tambayar ta ƙarshe kar ku raina ta. Binciken da aka yi a ƙasashen Afirka 25 har da Najeriya, wanda ya fito a 2018, ya bi marasa lafiya sama da 11,000, ya gano namu sun ninka matsakaicin duniya wajen mutuwa bayan aiki duk da sun fi ƙuruciya, kuma kusan duk mutuwar ba ranar aikin ta faru ba, a kwanakin da suka biyo baya ne a ɗakin kwanciya. Don haka ki raka shi da kanki ki miƙa shi baki da baki, kar ki bar wa mai tura gado da folda. Wanda aka fi jin tsoronsa a sa gadonsa kusa da teburin nas, a riƙa duba bugun jini da numfashi da hawan jini duk minti 15 a awa ta farko, mai jego a taɓa mahaifa a ji ta yi tauri a duba ƙunzugu da fitsari. Likita ya rubuta ƙarara a wane adadi za a kira shi da lambar da za a same shi. Mai jinya ma a gaya mata da Hausa, in kin ga numfashinta ya canza ko jini ya jiƙa zani ko tana ta gumi mai sanyi ki zo da gudu ko ƙarfe nawa ne.